GARGAƊI: Mai sayar da kayan turbo a Facebook ya cinye mini sefa 365,000, motata na nan kan duwatsu

Assalamu alaikum jama'a. Kwana 11 ke nan ina rubuta wannan ina gogewa, saboda kunya. Yau na ce ko me za a ce a ce. Sefa 365,000 wani ɗan damfara ya karɓe mini a nan Garwa ina ji ina gani, ni da hannuna na tura masa, sau huɗu. 365,000. Kuɗin adashena ne na shekara guda da ɗan abin da na cire daga jarin shago.

Kafin wani ya fara cewa ai son banza ne ya kai ni, ku tsaya ku ji. Ni ba yaro ba ne, kuma ba jiya na fara riƙe sifana ba. Corolla ce gare ni mai injin 1ZZ, lita 1.8, shekara 9 tana hannuna. Ni nake mata juyen mai, ni nake canza buji da birki, har famfon ruwa na taɓa canzawa a ƙofar gida ba tare da bakanike ba. Ita ce ke kai yara makaranta, ita ce ke kai ni babbar kasuwa, kuma duk wata sai na ɗora mata kaya na hau Ngaundere. Duk wanda ya san hawan dutsen nan na bayan Mbe ya san abin da nake nufi: ka cika but da kaya, ga tirela a gabanka tana rarrafe, ka taka mota ta ƙi tashi, ka koma giya biyu kana addu'a. Abin da ya sa na fara tunanin turbo ke nan, na'urar da ke ƙara wa inji ƙarfi. Ba tsere nake so in yi ba.

Kuma na yi karatun abin, wata uku ina kallon bidiyo da daddare. Na san hayaƙin salansa ne ke juya farfela ɗaya, ita kuma ta juya ɗaya farfelar da ke danna iska cikin inji, sandar da ke tsakaninsu tana juyi fiye da sau 100,000 a minti. Na san sai an ja mata layin mai daga inji an kuma yi mata hanyar da man zai koma ƙasa. Na san iskar da aka matse zafi take yi, dole a sa intakula ta sanyaya ta. Duk na sani. Shi ya sa abin yake ci mini rai, don da jahili ne ni da na ce jahilci ne.

A wani zauren masu motoci na Facebook na gan shi, wajen ƙarshen Fabrairu. Ya ce shagonsa na Kam Yabasi a Duwala, inda kowa ya san can ne kasuwar kayan mota. Hausa yake yi tsaf, har da "ɗan'uwa" da "Allah ya bar zumunci". Ban yarda da shi kai tsaye ba, wallahi ban yarda ba. Na gwada shi tukuna. Na sayi buji huɗu a wurinsa kan 12,000, suka iso ta motar ajans, wato kamfanin motocin fasinja, cikin kwana uku, masu kyau, har yanzu suna cikin motar. Na nemi katin shaidarsa, ya turo hoto. Na ce mu yi kiran bidiyo, ya ɗauka, yana tsaye cikin shago cike da injuna, ya ɗaga turbo sabuwa fil yana juya farfelar da yatsa. Ku gaya mini, me kuma mutum zai yi bayan wannan?

Amma ba wannan ne ya kama ni ba. Abin da ya kama ni saƙon murya ne guda ɗaya, minti 2 da daƙiƙa 40, na saurare shi ya fi sau hamsin tun da abin ya faru. Ni na ce ina son babbar turbo, wadda ya sa wa 260,000. Sai ya ce, "A'a Alhaji, kar ka sayi wannan, zan cuce ka in na sayar maka. Injinka matsinsa 10 ne bisa 1, ba a ƙera shi don turbo ba. Ga zafin Garwa da ke wuce 40 a watan Maris da Afrilu, kuma na san wani lokacin zuwa-zuwa, man 'yan bumburutu, kuke sha a bakin hanya. In ka danna masa iska da yawa zai fara ƙwanƙwasa, fistan ya fashe. Ka ɗauki ƙaramar ta 185,000, kar matsin iskar ya wuce rabin bar." Mutum ya hana ni kashe 260,000, ya ce in kashe 185,000. Kuma duk abin da ya faɗa gaskiya ne, babu ƙarya ko ɗaya a ciki, daidai da abin da na karanta. Ina zaune a shago bayan la'asar, na ajiye wayar kan tebur, na ce a raina wannan mai tsoron Allah ne. Kalmar da na faɗa ke nan. Mai tsoron Allah. "Zan cuce ka in na sayar maka." Har yanzu in na kwanta muryar nan nake ji. A daren na tura 185,000 ta Orange Money, ya turo mini hoton kwali da sunana rubuce da maka.

Bayan mako guda 95,000, na intakula da bututai da layin mai da injekta huɗu masu ba da mai da yawa. Sai 60,000 na kwamfutar da ke auna wa inji mai. A'a, 25,000 ne ya fara zuwa, wai kwalin ya yi nauyi kuma 'yan duwan, wato kwastan, sun tare kaya a hanya sai an sallame su. Na tura. 60,000 ɗin daga baya ne, zan zo kansa, shi ne ya fi ƙona mini zuciya. 185,000 da 95,000 da 25,000 da 60,000. Ku haɗa da kanku. 365,000.

Na manta ban faɗa ba, tun kafin kwalin ya iso ya ce in fara shiri don kar a ɓata lokaci. Ranar wata Lahadi ni da ƙanena muka ɗaga motar muka ɗora ta kan duwatsu ƙarƙashin bishiyar dogon yaro da ke ƙofar gida. Salansar 1ZZ ta baya take, wajen bangon da ya raba inji da cikin mota, wurin a matse yake, sai da na kwanta a ƙasa na zura hannu har kafaɗa kafin na kwance kolektar, ƙarfen nan mai baki huɗu da ke tattara hayaƙi. Noti biyu suka karye a ciki saboda tsatsa. Sannan na sauke kaskon mai na ƙasan inji, na kai wa mai walda, ya huda shi ya liƙa masa bututun da man turbo zai riƙa komawa. Da wayata a hannu ina tura masa hoto yana cewa "Madalla Alhaji, ka iya aiki, ɗan matsa ramin sama kaɗan don ya kasance sama da man da ke kwance." Har wannan ma shawara ce ta gaskiya. Na huda motata da hannuna saboda kayan da babu su.

Kwalin ya iso kuwa. Nan ne mutane ba sa ganewa, suna cewa me ya sa ka ci gaba da turawa. Kwali ya iso! Na je ajans na sa hannu na ɗauko shi a bayan mai moto, da nauyinsa. Na buɗe sama-sama a tsakar gida, na ga turbo tana ƙyalli cikin tsofaffin jaridu, na ga ƙarfe mai kama da kolekta. Babu intakula, babu injekta. Na kira shi, ya ɗauka nan take, ya ce yaronsa ne ya raba kayan kwali biyu, na biyun zai taho tare da kwamfutar, kuma ba ni da halin tayar da motar ba tare da ita ba, don kwamfutar asali ba ta san da ƙarin iska ba, mai zai yi wa injin kaɗan ya ƙone. Gaskiya ce kuma. Na tura 60,000 kwalin yana gabana. Maman yara tana tsaye bakin ƙofar kicin ta ce, "Maigida, da ka bari na biyun ya zo tukuna." Na ce mata ai mutumin ya cika alkawari, ga kaya nan a gabanki.

Washegari kolektar ta ƙi zama, ramukan noti ba su yi daidai da kan injin ba ko kusa. Sai na ɗauki turbon na kai wa wani dattijon bakanike a Yelwa wanda ya daɗe yana gyaran manyan motoci. Bai ma ajiye shayinsa ba. Ya sa yatsu biyu ya kama sandar farfelar ya girgiza, ta yi ƙwal-ƙwal, gaba da baya, hagu da dama, har tana gogar jikin gidanta. Ya kankare da farce, fentin azurfa ya ɓare, baƙin mai da tsatsa suka bayyana. An goge farantin lamba. Ya haska tocilan ya nuna mini fukafukai biyu da suka gutsure. Ya ce, "Ɗana, wannan ta Hilux ce mai gas, injin 2KD, kuma ta mutu tuntuni, irin wadda muke zubarwa a bola. Wa ya sayar maka?" Na ce Baba, daga Duwala. Ya ce da ta ɗauru da ta riƙa tura mai cikin inji tana hayaƙi shuɗi, in wani gutsuren ƙarfe ya ɓalle kuma sai cikin silinda. Yaran garejin duk sun yi shiru suna kallona. Ban san yadda na fito daga wurin ba.

A bakin garejin na kira lambar, a kashe. Har yau a kashe. Ya toshe ni a WhatsApp, shafin ya canza suna, hotunan dai su ne. Lambar da na tura wa kuɗin sunan mace ne ke fitowa, na gani tun ranar farko, ya ce ta matarsa ce don tasa ta cika. Na kai ƙara komisariya, ofishin 'yan sanda, da takardun turawa guda huɗu, an rubuta. Wani abokina direban tirela ya zagaya Kam Yabasi da hoton shagon, ya samu shagon, masu shi suka ce ba su san shi ba, mutane da yawa na shigowa su ɗauki bidiyo su fita. Katin shaidar ma fuskar ba tasa ba ce, sai yanzu da na ƙura ido na lura.

Duk ina da su: hirar tun daga Fabrairu, saƙonnin turawa na 185,000 da 95,000 da 25,000 da 60,000, bidiyon Baba yana girgiza sandar, da saƙon muryar nan. Zan saka hotunan yau bayan isha'i in na rufe fuskar mai katin, don shi ma wataƙila sace masa aka yi.

Kar ku tura kuɗin kayan mota gaba ɗaya kafin wani naku ya je ya riƙe kayan a hannu. Sunan da ke kan lambar kuɗi in bai yi daidai da na mai magana ba, ku tsaya. Kar ku kwance komai a mota sai kaya sun cika.

Mako na biyar ke nan motar tana kan duwatsu, ganyen dogon yaro ya rufe gilashin. Yara a kan moto suke zuwa makaranta su uku. Ina neman kaskon mai na 1ZZ na hannu da wanda zai ciro mini notin nan biyu da suka karye, duk wanda ya san inda zan samu a Garwa ko Marwa ya yi mini magana ta akwati.