Gargaɗi kan masu tallar "man cike rami" a fuska

Jama'a, a yi hattara da masu tallar haɗin mai a WhatsApp da TikTok, wai cikin mako biyu zai cike ramin da ya rage a fuska bayan likita ya yanki ɗan samfurin fata don gwaji. Sai ka tura kuɗi tukuna su aiko da 'yar kwalba ta tasha, ba suna, ba lambar NAFDAC, ba bayanin abin da ke ciki. Ku duba hotunan "kafin shafawa" da "bayan shafawa" da suke nunawa da kyau. A na farko hasken daga gefe yake, inuwa ta faɗa cikin ramin. A na biyu an haska fuskar gaba da gaba. Ramin yana nan inda yake.

Babu man shafawa da ke cike irin wannan tabo. Naman ƙasan fata ne aka cire, kuma sau da yawa wasu zaruruwa masu tauri ne ke janyo fatar ƙasa. Mai ba ya kaiwa can. Abin takaicin ma, irin waɗannan haɗe-haɗe kan ƙunshi sitiroyid mai ƙarfi kamar clobetasol, wanda ke sirantar da fata, sai ramin ya ƙara zurfi, ƙananan jijiyoyin jini su fito. Man silikon na kyamis kuwa tabon da ya kumbura yake taimakawa, ba wanda ya lotsa ba.

Mafi haɗari su ne masu zuwa gida ko shagon kwalliya da allurar ciko, wato ruwan da ake ɗurawa ƙarƙashin fata don ramin ya taso. Idan ruwan ya shiga jijiyar jini kusa da hanci ko tsakanin gira, fatar wurin tana iya mutuwa, ana iya makancewa. Idan ruwan cikon hayaluronik asid ne, likita yana da allurar narkar da shi. Idan ruwan silikon suka ɗura, ba ya narkewa.

Kafin komai, a karɓo sakamakon gwajin. Idan ciwon daji ne, musamman ga zabiya, taɓa wurin zai iya ɓoye dawowarsa.

Sannan a ba tabon lokaci, domin yakan ɗauki wata 12 zuwa 18 yana daidaita, kuma da yawa suna tasowa da kansu. A riƙa shafa man kariyar rana mai lamba 30 ko sama da haka don kada wurin ya yi baƙi. Ka miƙe fatar da yatsu biyu: idan ramin ya shafe, ciko a hannun likitan fata zai iya yi, sai dai yakan zube bayan watanni. Idan bai motsa ba, likita kan shiga da allura ƙarƙashi ya tsinke zaruruwan, ko ya yanke tabon ya ɗinke, a cire zaren bayan kwana 5 zuwa 7. Hasken lesa da sinadarin sale fata suna yawan barin baƙin tabo a fata irin tamu. Wanda jikinsa ke yin kumburarren tabo ya faɗa wa likita tun kafin a taɓa shi.