Zarton tebur DeWalt DWE7485 a ɗakin kafinta na cikin gida

Ga mai son mai da shago ko ɗaki guda na gidansa a Yamai wurin aikin katako, wannan zarto ya cancanci a duba shi, amma kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ka. Nauyinsa kilo 22 ne, mutum ɗaya na iya ɗaga shi. Fili kuwa katako ne ke cin sa.

Falankin filawud da ake saidawa a kasuwar Katako tsawonsa santimita 244, faɗinsa 122. Kafin ya shiga haƙori yana son mita biyu da rabi a gaba, in ya fita yana son kamar haka a baya. Ɗaki mai mita 4 ba zai ɗauka ba. Dabarar ita ce a sa zarton daidai saitin ƙofa, falanki ya fito ta tsakar gida, a ajiye teburin tarba a bayansa wanda ya gaza saman zarton da milimita 3 zuwa 5. In teburin ya fi tsayi, katakon zai tokare, ya matse haƙori, ya dawo wa mai aiki da ƙarfi. Irin wannan dawowar katako na jawo rauni.

Abin da ya fi burgewa shi ne majinginar da katako ke bi. A kan haƙoran ƙarfe take tafiya, gabanta da bayanta lokaci guda, ba ta karkacewa, kuma tana buɗewa har santimita 61, wato rabin falanki cif. Rauninsa zurfin yanka: faifan milimita 210 ne, iyakarsa milimita 65. Katakon rufi mai kaurin santimita 8 sai an juya shi an yi bi biyu. Ƙararsa ma ba kaɗan ba ce, a bar maƙwabta su yi barcin rana.

Injin wat 1850 ne, kusan amfa 8 da rabi a kan bolt 220, kuma yana jan fiye da haka lokacin tashi. A ja masa layinsa daban da waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5 da makatsar wuta mai amfa 16, kada ya haɗa da firji. Mai sayowa daga waje ya tabbatar ba na Amurka ba ne mai bolt 120.

Bakin fitar garin katako ya dubi taga, a ɗaura masa tiyo, don da hunturu ƙurar waje da ta ciki suna haɗuwa su cushe injin. Katakon ajiya a jera shi kwance a kan ƙarafa a bango, nesa da ƙasa saboda gara, da ƴan sanduna tsakani. Wanda ya zo ɗanye daga kudu a ba shi makonni ya sha iska, in ba haka ba zai lanƙwashe bayan an yanka.

Mai yin kabad, tebur da kanta zai ji daɗinsa. Mai yanka manyan katakai kullum ya nemi wanda ya fi shi.