Fentin rim a Ingila da irin wanda ya dace da Zariya

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kuna lafiya, ya sanyin hunturu? A gaida Inna da yara. Ka ce kana so a sake wa rim ɗin Corolla ɗinka fenti, kuma yaran gareji suna ta zuga ka a kan baƙi mai ƙyalli, wai shi ake yayi a Turai. Gaskiya ana yayinsa a nan Birmingham, amma bari mu fara da yadda ake aikin, daga baya mu zo kan launi.

A nan gyaran rim na alminiyam sana'a ce mai zaman kanta. Idan aka kai mota, sai su cire tayoyin, su cire bawul da 'yar na'urar da ke auna iska idan motar tana da ita, su ɓamɓare dalmar balansin. Rim ɗin tsirara ake tsomawa a ruwan magani ya kwana, tsohon fenti ya saki, sannan a feshe shi da tsakuwa mai laushi har ƙarfen ya fito fari. Kafin a sa masa komai sai an gasa shi a oben tukuna, saboda alminiyam na zubi yana da ƙananan ƙofofi masu riƙe iska. In ba a kore ta ba, ita ce za ta huda fentin kamar an tsattsaga shi da allura. Fentin kansa gari ne busasshe, bindigar feshi tana ba shi cajin lantarki ya manne a jikin ƙarfen, a mayar oben a zafin digiri 180 zuwa 200 na kamar minti 15 zuwa 20, garin ya narke ya zama fata ɗaya. Yawanci rim ɗaya yana cin fam 60 zuwa 100, kuma motar za ta yi kwana biyu ko uku a wurinsu.

Akwai wani nau'in da ake wa fuskar rim aski da injin kwamfuta, ƙarfen ya fito yana walƙiya, a rufe da kiliya kawai, wato fentin nan marar launi da ake shafawa a sama. Yana da kyau a ido, amma ba na ba kowa shawararsa. Dutse ɗaya ya ɗan ƙwarzane kiliyar, ruwa ya samu hanya, sai ka ga farin tsatsa yana tafiya a ƙarƙashi kamar tsutsa. Kuma duk aski yana rage naman rim ɗin, sau ɗaya ko biyu ake iya maimaitawa.

Wani babban dalilin wannan ɗawainiya gishiri ne. Lokacin sanyi hukuma tana watsa gishiri a tituna don kada ƙanƙara ta daskare, shi ke cinye musu rim. Mu a Zariya Allah ya hutar da mu wannan. Abokan gabarmu ƙura, rana, ramuka da lebar mai faci. Saboda haka fentin ruwa na bindiga, irin wanda ake yi a Sabon Gari da Tudun Wada, ya ishe mu, kuma mai fentinmu zai haɗa maka launi da ido a gabanka, abin da a nan sai ka zaɓa daga kati. Inda ake samun matsala shi ne gaggawar shiri, kuma abin yana ba ni takaici, domin hannun masu fentinmu ba baya ba ne.

Ka sa a cire tayar gaba ɗaya, kada ka yarda da liƙa jarida a gefenta. A wanke rim da omo da buroshi ciki da waje, baƙar ƙurar birki ta fita. Kafin a ci gaba a duba tsaga, musamman ta ciki inda rami ke bugawa. Tsagar baki ana iya waldarta da argon, amma wadda ta kama ƙafar rim (sandar da ta haɗa tsakiya da baki) ko kusa da ramin noti ba ta da magani, fenti ɓoye ta kawai zai yi. A nan mota mai tsagaggen rim ba ta wuce gwajin lafiyar mota na shekara-shekara da ake kira MOT.

Gurza da samfefa mai lamba 180 a inda kwalbati ya ci baki, a cike da fila kaɗan, a bi da 320, a ƙare da 400. A goge da ruwan cire maiƙo, ba fetur ba; fetur yana barin maiƙo, haka man da masu wankin mota ke shafa wa taya, su ne ke sa fenti ya yi ta buɗe 'yan idanu kamar na kifi. Duk inda ƙarfe ya fito tsirara sai an fesa masa firamar alminiyam mai cizo, ko ta ifoksi, shafi ɗaya siriri. Wannan matakin ne ake yawan tsallakewa, shi ya sa bayan wata uku fenti ke ɓarewa kamar ɓawon albasa. Sai firamar cika shafi biyu, a lallashe ta da 600.

Kafin feshin launi a rufe wuri biyu da tef: bayan rim inda yake zama a jikin mota, da mazaunin noti. Fenti a waɗannan wuraren yana laushi da zafin birki, ya matse, noti ya saki a hanya. Wannan maganar rai ce, kada a ce maka ai kowa haka yake yi.

Ga rim huɗu masu inci 15 ko 16, rabin lita na launi da rabin lita na kiliya sun isa. Bakin bindiga milimita 1.3 ko 1.4, matsin iska kusan "bar" 2 a geji, kuma a zubar da ruwan tankin kwamfiresa kafin a fara. Launi shafi biyu ko uku sirara, minti 10 zuwa 15 a tsakani, a fara da lungunan ƙafafun sannan fuska. Kiliya ta zama mai hadna (maganin da ke sa ta taurare), yawanci kashi biyu na kiliya da ɗaya na hadna, amma a bi abin da ke jikin gwangwanin. Hayaƙin hadna yana lalata huhu, ƙyalle a hanci ba ya tare shi, mai feshin ya sa abin rufe fuska mai kawo masa iska mai tsabta ta tiyo. A wannan hunturun a yayyafa ruwa a ƙasa, a yi feshin a cikin ɗaki da hantsi; a tsakar rana fentin yana bushewa tun a iska, ya sauka da kaushi.

To, launi. Baƙi mai ƙyalli yana tafiya a nan ne saboda ruwan sama na wanke tituna a kai a kai. A wurinmu, daga Kwangila zuwa Samaru kawai ya ishe shi ya koma ruwan ƙasa, kowane ƙwarzane kuma zai fito fari fes. A duhu ma ba a bambanta rim da taya, ƙafar motar ta zama rami. Marar ƙyalli ya fi muni, yana riƙe ƙura da maiƙo kuma ba a iya goge shi da folish. Fari kuwa ƙurar birki da jar ƙasa za su rina shi cikin mako. Motarka ruwan azurfa ce, don haka ko dai azurfa mai haske irin ta kamfani, wadda ta fi kowane launi ɓoye ƙura kuma ba ta rage wa mota daraja ranar sayarwa, ko ruwan toka mai duhu mai ɗan walƙiya in kana son canji. Ni na biyun zan zaɓa maka. A nan suna kiran launi da lambar RAL ta Jamus, 9006 azurfa, 7016 toka mai duhu, 9005 baƙi. Ko mai fentinka bai san lambar ba, ka sa ya fesa gwaji a kan ɗan ƙarfe, ka kai shi rana kusa da motar, kuma ya ajiye maka ragowar haɗin saboda gyara.

A bar rim ya kwana biyu kafin a mayar da taya, kuma a wurin mai inji, ba mai leba da guduma ba. Dalmar balansin ta liƙawa a ciki za a sa, ta maƙalawa tana cizon fenti. Notin Corolla ana ɗaure shi a 103 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗaurin noti), a sake dubawa bayan kilomita 50. Mako na farko ruwa zalla za a wanke shi da shi.