Robar ajiya, kwali ko akwatin katako: me za ka saya in za ka tashi gida da samfuranka?

Duk mai haɗa ƙananan samfura, na jirgin sama ne, na mota, ko na gini irin wanda ɗaliban zanen gine-gine ke yi, ya san aikin watanni na iya wargajewa tsakanin Mabera da Arkilla a bayan a-kori-kura. Mu a Sakkwato ramukan hanya ba su kai zafi ɓarna ba. A Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana kuwa yana iya wuce 60. A nan gam irin na bindiga ke saki, siraran sassa su lanƙwashe, fenti ya yi laushi ya kama duk abin da ya taɓa shi.

Ni zaɓina robar ajiya ce mai murfi da maƙalai a gefe biyu, wadda ana ganin abin da ke ciki. Wannan ganin kaɗai ya biya kuɗinta, don ɗan dako in ya hangi jirgi a ciki yakan sassauta hannu, kwali kuwa jifa yake sha ko ka rubuta masa gargaɗi da jan biro. Tana tare ƙurar hunturu, tana tare ruwan damina, ba nauyi. Amma ita kaɗai ba ta isa ba, sai da soso. Ka je wurin masu yin kujeru ka sayi sabon soso mai ɗan tauri, ka shimfiɗa a ƙasa, ka yanka masa gurbi. Samfurin jirgin yaƙi na Spitfire a ma'aunin 1:72, wato wanda aka rage girman jirgin gaske sau 72, faɗin fikafikansa bai kai santimita 16 ba, a 1:48 kuma ya ɗan haura 23, don haka ka auna naka kafin ka fita kasuwa, ka bar tazarar yatsu biyu ta kowane gefe. Nauyin ya zauna a gindin fikafikai, tayoyi su rataya cikin gurbin ba su taɓa komai ba, domin ƙafafun sauka su ne farkon karyewa. Sai ka soka tsinken tsire a soson gaba da bayan fiffike don kada ya zame, ka ɗaure da siririn ƙyalle mai laushi. Farfela, eriya da madubin mota, duk abin da ke cirowa, a cire a sa a kwalin ashana.

Kwali arha ne, kuma shi ke nan alherinsa. Akwatin ƙarfe tanda ce a rana. Jakar Gana-mas-go ba ta ma cikin lissafi. Na katako kaɗai nake ɗaga wa ƙafa, shi ma sai ga babban samfurin gini da ba ya shiga roba: kafinta ya ɗaure allon gindin da sukurori, murfin ya riƙa ɗagowa ta sama.

Inda aka fi cutar mutane wajen robar ne. Akwai wadda aka yi da narkakkun tsofaffin robobi, a ido tana sheƙi, amma zafin rana kan busar da ita nan da nan. An taɓa sayar mini da irinta da rantsuwar cewa ta waje ce, hannun ya ɓalle a kan matakala, motar da na gama wa fenti ta rabu da gilashinta. Ka juya gindinta ka nemi alamar kusurwa uku mai lamba 5 da haruffan PP. Irin wannan roba lanƙwasawa take yi maimakon ta fashe. Kada ka tsaya ga alamar kaɗai. Danna kusurwa da babban yatsa, in ta yi ƙara ko ta fitar da farin layi, ajiye masa abarsa. Ɗaga ta ga haske, baƙaƙen ɗigo a jiki alamar gauraye ce. Ka rufe murfin da hannunka, don wasu kan haɗa murfin wata da gindin wata. Soson ma haka: ana yanka tsohuwar katifa a ce sabo ne. Murza shi, in ya zubar da gari to garin nan a kan fentinka zai ƙare.

Ledar nan mai ƙurajen iska da kowa ke yabo, kada ta taɓa jikin samfuri, a zafinmu tana barin zanen ƙurajenta a fenti. Jarida tana zubar da tawada. Auduga tana sarƙe eriya ta fizge ta. Leda mai taushi irin ta shimfiɗar tebur kuwa, in ta daɗe manne da robar samfuri, cinye ta take yi.

Ranar tashi kada robar ta bi sauran kaya. Ka fita da ita bayan sallar Asuba tun gari da sanyi, a kujerar mota ka zagaya mata bel, ba a but ba. In Keke Napep ne, a kan cinyarka, kuma ka gaya wa mai keken tun kafin ya tayar: "Malam, a hankali, zan ƙara maka wani abu."