Bukkar sukari ta gargajiya ko ta manyan masu girki: wacce za a kai iyali?

Hajiya, barkanku da isowa, ya gajiyar hanya, ya kuma sanyin Kanada? Kun ce ɗiyarku ta ba ku zaɓi biyu na fita cin liyafar mapul kafin ku koma gida a ƙarshen Afrilu: bukkar sukari irin ta gargajiya, ko irin ta manyan masu girki wadda ake kama wuri tun da sauran watanni. Kuna son sanin wacce ta fi, ga jikoki uku a tafiyar, ga shi ba ku son abin da zai taɓa muku addini. Na je duka biyun, ta gargajiya sau huɗu, ta 'yan gayun sau ɗaya, to bari in faɗa muku abin da idona ya gani.

Mutanen Kebek, lardin Kanada mai jin Faransanci, suna ce mata cabane à sucre. Asalinta ɗakin katako ne a tsakiyar dajin mapul, inda ake dafa ruwan bishiyar. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, dare yana daskarewa, da rana sanyin ya ɗan saki, wannan kai-komon ne ke sa ruwan ya ɗigo idan an huda jikin bishiya. In kun kurɓe shi ɗanye za ku ce ruwan randa ne aka jefa wa ƙwayar sukari guda, domin zaƙin cikinsa bai wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 100 ba. Sai an dafa wajen lita 40 kafin a samu lita ɗaya ta zumar mapul, wadda sukarinta ya kai kashi 66. Wanda ya taɓa tsayawa gaban masu dafa mazarƙwaila a Maƙarfi ya san irin aikin, sai dai ruwan rake ya fi wannan zaƙi nesa ba kusa ba. Turawa sun tarar da 'yan asalin ƙasar suna yi, wurinsu suka koya, yau kuma Kebek kaɗai ke fitar da kusan kashi 70 cikin 100 na abin da duniya ke sha.

Liyafar ta samo asali daga abincin masu aikin. Dangi da maƙwabta ne ke zuwa gayya, su wuni suna jidar bokitai cikin dusar ƙanƙara, sai a dafa musu abin da ya rage a rumbu a ƙarshen hunturu: busasshen wake, fulawa, ƙwai, da naman alade da aka adana da gishiri. Ku riƙe wannan na ƙarshen, a kansa duk maganar tamu take.

A ta gargajiya, dogayen tebura ne da benci, ku zauna kafaɗa da kafaɗa da mutanen da ba ku sani ba. Kuɗi ɗaya za ku biya, a yi ta kawowa har sai kun ce ya isa. Ana farawa da miyar wake mai kauri, sai waken da ya kwana a tanda, wainar ƙwai mai tashi kamar burodi, dankali, sosej da aka dafa cikin zumar, da yankakken cinyar alade. A tsakiyar tebur akwai butar zumar mapul, kowa na kwarara ta a kan komai, har kan ƙwan. Ranar farko na ɗauka wasa suke. Daga baya kayan zaƙi su biyo: fanken Turawa mai faɗi, ƙwallon fulawa da aka dafa cikin zumar, da wani kek mai jiƙe da suke kira pouding chômeur, wato na marar aikin yi, domin a shekarun karyewar tattalin arziki na bayan 1929 ya shahara a gidajen talakawa. A gefe mai goge yana ja, wani yana kaɗa cokulan katako a cinyarsa, yara suna ta guje-guje ba mai tsawata musu.

Ta 'yan gayun kuwa sabon abu ce. Wanda ya fito da ita fili shi ne Martin Picard, mai gidan abincin Au Pied de Cochon a Montreal, wanda ya buɗe tasa bukkar a Saint-Benoît de Mirabel. Sunan gidan ma kaɗai ya ishe ku bayani, ma'anarsa ƙafar alade. Ya yi suna da hantar agwagwar da aka yi wa ɗura da kuma tula abinci har tebur ya rasa masaka tsinke, kuma kowace shekara sai ya sauya jerin girkinsa. Wasu masu girkin suka bi sahu, har a cikin gari yanzu ana buɗe irinsu na ɗan lokaci, ba bishiya ko ɗaya a kusa. A nan babu zaɓi. Mai girki ya riga ya tsara abin da za a ci, kwano yana bin kwano, a zauna awa biyu ko uku.

In girki zalla ake magana, ba zan yi ƙarya ba, ta 'yan gayun ta fi. Wadda na je, abokan aikin maigidana ne suka gayyace mu. An kawo wani kifi da aka gasa da zumar mapul mai duhu, fatarsa ta yi ƙyalli kamar an shafa mata man gyaɗa, har yau ina tuna shi. Amma daga kifin nan sai burodi da kayan zaƙi guda na iya ci. Agwagwar an dafa romonta da giya, dankalin an soya shi da kitsen alade, kabejin ma an barbaɗa masa soyayyen nama. Mai kawo abincin ta yi iya ƙoƙarinta, ta shiga madafa ta fito har sau uku, amma girkin da aka gina kan kitse tun daga tushe ba a zare masa kitsen a bakin tebur. Haka na zauna ina murmushin yaƙe, mutane na lashe yatsu. Abin da aka biya a kaina ni kaɗai a daren nan ya isa ya ciyar da mu uku a ta gargajiya.

Ta gargajiya ma alade ne ƙashin bayanta, kada wani ya ruɗe ku. Miyar waken da ƙashin alade ake dafa ta, waken tandan sunansa ma fèves au lard, wake da kitse. Akwai kuma wani soyayyen abu mai ƙaras-ƙaras da ake ajiyewa a kwano tun kafin ku zauna, oreilles de crisse. Ɗana yana da shekara biyar lokacin, ya kai hannu yana murna ya ga cincin, na riƙe masa wuyan hannu saura ƙiris ya kai baki. Kitsen alade ne da fatarsa. Ku sa ido a kan jikokin tun daga ƙofa.

Bambancin shi ne, a nan kowane kwano zaman kansa yake, kuma girkin mai sauƙi ne, ana iya sake shi. Bukkoki da dama yanzu suna da jerin abincin da ba alade, wasu na masu cin ganye, wasu ma har da naman halal idan kuna da yawa kuka kuma sanar da wuri. Wannan ya daɗe. A watan Maris na 2007 wata bukka a Mont-Saint-Grégoire ta karɓi ayarin Musulmi, ta dafa musu ba alade, ta ba su wurin sallah, jaridu suka yi ta cece-kuce a kai. Da kwamitin Bouchard da Taylor, wanda gwamnatin Kebek ta kafa don duba irin wannan taƙaddama, ya fitar da rahotonsa a 2008, ya nuna an zuzuta labarin fiye da yadda ya faru. Tun daga lokacin ƙurar wannan magana ta lafa sosai, ni dai ban taɓa ganin an ɗaga gira don na ce ba na cin alade ba.

Sai dai a buga waya kafin a tafi, kuma kada ɗiyarku ta tsaya a kan sans porc, wato ba alade, kawai. Ta tambaya da me aka dafa waken, da wane mai aka soya dankalin da ƙwan, sannan ɓawon kek ɗin sukari, domin da yawa da saindoux suke kwaɓa shi, wato narkakken kitsen alade. Wani abin da mutane ba su cika sani ba: idan ruwan yana tafasa yana yin kumfa, mutanen da can sukan rataya guntun kitsen alade a saman tukunyar don ya kwantar da ita. Yawancin masu yi yanzu man tsirrai suke ɗigawa, amma a ƙaramar bukka ta tsoho tambaya ba ta ɓata komai. Haka in an miƙo muku kofin réduit, ruwan da aka dafa rabi, mai ɗumi da daɗi, ku ce zalla kuke so, domin al'adarsu su tsiyaya masa barasa. Caribou kuwa giya ce kai tsaye, ku bar ta inda kuka gan ta.

Abin da ya sa nake komawa duk shekara a waje yake, bayan an tashi daga tebur. Za ku ga dogon kwami na katako an cika shi da dusar ƙanƙara mai tsabta an daddaɓe. Wani dattijo zai fito da buta tana tururi, zumar da aka ƙara dafawa har ta wuce digiri 110, ya zuba ta layi-layi a kan farar dusar. A ɗan dakata kaɗan, sai kowa ya ɗora tsinkensa na katako a bakin layin ya naɗe. Tana fitowa da sanyi a waje, da ɗumi a ciki, tana jan zare kamar alewar da ba ta gama ɗaurewa ba. Babu komai a cikinta sai ruwan bishiya da wuta. Yara za su manna ta a hula da safar hannu da gashin juna, ku bar su. Daga nan a hau amalanken doki a zaga daji, ku ga tiyo shuɗaye sun bi daga bishiya zuwa bishiya, su ne suka maye gurbin bokiti a manyan gonaki, sannan a leƙa ɗakin dahuwa inda tururi mai ƙamshi ke cika ido. Ta 'yan gayun ma takan ba da alewar, amma a wadda na je a faranti aka kawo ta kan tebur, ban ga wuta ba, ban ga doki ba.

Don haka, Hajiya, ku je ta gargajiya. Ku nemi matsakaiciya wadda take dafa nata ruwan, ku guji manyan da motocin 'yan yawon buɗe ido ke cikawa ranar Lahadi, inda ake koro mutane kamar layin awo. Mont-Saint-Grégoire da Rigaud da Mirabel duk ba su wuce tafiyar awa guda daga Montreal ba. Ta 'yan gayun ku bar wa ɗiyarku da mijinta, su ma sai in gidan ya yi musu alkawarin girki na daban tun ranar kama wuri.

Ku sa takalmin ruwa, domin dusar tana narkewa ƙasa duk taɓo ce. Tunda kun taɓa ambata ciwon suga, ku ci wake da ƙwai ku ƙoshi, alewar ku tsaya a tsinke ɗaya, kada a ce muku wai zaƙin bishiya ba ya hawa jini. In za ku sayi tsaraba, gwangwanin nan mai cin mililita 540 ya fi kwalba mai siffar ganye arha da jure hanya. Kala huɗu ce, daga mai ruwan zinariya ta farkon kaka zuwa baƙa ta ƙarshe. Ku ɗauki mai duhu, ita ce ba ta ɓacewa a cikin kunun gyaɗa, kuma da zarar an fasa gwangwanin a juye ta a kwalba a sa a firiji.