Gasar Keke a Tsaunukan Turai: Abin da Ake Saya da Abin da Za a Taho da Shi Daga Gida

'Yan'uwa mahaya keke na Kaduna, assalamu alaikum. Da yawanku kuna tambaya kan gasar nan ta gama-gari da ake yi a tsaunukan Faransa da Italiya, wadda Italiyawa ke kira Gran Fondo. Ba sai ƙwararre ba, duk wanda ya yi rajista yana iya shiga. Ga bayanin yadda take daga nan Faransa.

Guda uku suka fi suna. La Marmotte tana tashi daga garin Bourg-d'Oisans, kimanin kilomita 174, jimillar hawa kusan mita 5,000, ta bi ta tsaunukan Glandon, Télégraphe da Galibier, ta ƙare a saman tsaunin Alpe d'Huez mai hanya mai lanƙwasa 21. L'Étape du Tour kuwa tun 1993 ake yin ta, ana ba talaka damar bin zango ɗaya na Tour de France, babbar gasar ƙwararrun masu keke ta Faransa, an rufe titi babu mota. Sai Maratona dles Dolomites ta Italiya, kilomita 138 da hawa mita 4,230, wadda saboda yawan masu nema sai an yi ƙuri'a. Duk a tsakiyar bazarar Turai ake yin su, wajen Yuli, amma rajista tun kafin shekarar ta kama ake buɗewa. Wanda ya jira sai bayan sanyi, ya makara. A Italiya kuma ba za a ba ka lamba ba sai da takardar likita mai shaida cewa za ka iya gasa.

Kuɗin shiga manyan yakan kai Yuro 100, wasu su wuce sosai. A Naira abin da nauyi, amma a san abin da ake saya: jami'ai a mahaɗar hanyoyi, motar asibiti, makanikai a kan babur, wuraren abinci da ruwa, da 'yar na'ura a jikin lambarka mai ɗaukar lokacinka. Akwai kuma motar da ke bin baya, wadda Faransawa ke kira motar tsintsiya. Kowane wuri yana da lokacin rufewa; in ka iso bayan sa, an cire ka. Wanda ya taɓa raba titin Kaduna zuwa Zariya da tirela da safe zai gane darajar titin da aka ce yau na masu keke ne. A ganina wannan shi ne ainihin hajar da ake sayarwa.

Yanzu keken kansa. Kekunan tsere na gwanjo da ke zuwa mana gida yawanci an ƙera giyarsu ne don fili: ƙaramin faifan gaba haƙori 39, babban na baya 25. Da wannan, duk juyin feda ɗaya keke na tafiya kimanin mita 3.3. A hawa mai kashi 8 cikin ɗari, wato kowace kilomita ka ɗaga sama mita 80, mai matsakaicin ƙarfi bai fi kilomita 9 a awa ba, ke nan feda na juyawa sau 46 kacal a minti. Gwiwa ce ke biyan bashin, kuma Alpe d'Huez kilomita 13.8 ne a kan irin wannan miƙewa, bayan ka riga ka yi 160. Abin da ake buƙata shi ne faifai masu haƙori 50 da 34 a gaba, 11 zuwa 34 a baya. Da 34 a kan 34, juyi ɗaya mita 2.1 ne, feda na juyawa wajen sau 70, ƙafa na numfasawa. Sai dai a kula: babban faifan baya yana son maɗaukin sarƙa mai dogon hannu da sarƙa mai ƙarin tsawo. In aka sa faifan kawai aka bar gajeriyar sarƙa, ranar da aka haɗa babba da babba sai ta fizge maɗaukin ta karya shi. Waɗannan kaya a nan za a saya, ko a shagon Decathlon ko a intanet; kayan giya samfurin Shimano 105 ko Tiagra sun wadatar, ba sai an kai ga masu tsada ba.

Wajen gyara kuwa mu muka fi su sauƙi. Mai faci a gida zai duba maka nan take, ya ɗaure waya, ya liƙe tub, ku rabu da ɗan abin da ba a rasa ba. A nan sai ka nemi rana, ana lissafin aiki da awa, kuma ba sa gyara abin da za a iya canzawa. Satin gasa ma layi ne. Inda suka fi mu shi ne kayan aiki: ma'aunin lalacewar sarƙa, sifana mai auna ƙarfin ɗauri don kada a fasa firam ɗin kabon, da na'urar canza man birki. Mai niyyar haya ya kama keke watanni kafin lokaci, ya taho da fedarsa da sirdinsa, ya auno tsayin sirdin da tef. Kafin ka hau, matsa birki ka gani: a Faransa hannun hagu ne birkin gaba, alhali kekunan da suka fito daga Ingila dama ne. Wannan bambanci ya isa ya wuntsilar da mutum a kwanar farko.

Abin da ɗan Kaduna bai saba da shi ba, kuma ya fi hawan haɗari, shi ne gangara da sanyinta. Galibier yana da tsayin mita 2,642, kuma duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da wajen digiri 6. Ka iso sama jiƙe da gumi, sai ka juya ƙasa da gudun kilomita 60 a awa. Yatsu su sandare, birki ya gagari hannu. Rigar tare iska mara nauyi, safar hannu mai rufe yatsu da hannun riga na cirewa duk suna shiga aljihun baya, kada a bar su ko da gari ya waye garau. Birki kuma ba a riƙe shi ɗaure tun daga sama har ƙasa. Birki mai kama gefen wili yana ɗumama shi har tub ya fashe, mai faifai kuma ya yi zafi ya daina ci. A matsa da ƙarfi kafin kwana, a saki a cikinta. Masu shirya Marmotte ma ba sa lissafa lokacin gangarar Glandon, don kada mutane su yi ganganci.

Zafin la'asar a Alpe d'Huez, wanda ke galabaitar da Turawa, shi kam gida ya riga ya horar da mu.

Abinci: jiki na son giram 60 zuwa 90 na sukari da sitaci a kowace awa, da ruwa rabin lita zuwa uku bisa huɗu, da ɗan gishiri. A fara ci tun awar farko. Wanda ya jira yunwa, ƙafafunsa za su mutu a tsakiyar dutse, kuma ba sa dawowa da wuri. 'Yan sacet ɗin zaƙi da ake sayarwa a nan suna da tsada, wasu kuma suna ɓata ciki. Dabino irin namu ƙanana guda 12 ya kai kusan giram 60, kuma ciki ya san shi. A teburan hanya akwai ayaba, lemu, burodi da cuku, amma sau da yawa ana jera yankakken naman alade a gefe, alewar nan mai taushi kuma galibi da sinadarin alade ake yin ta. A duba kafin a miƙa hannu. Tafiyar takan ci awa 8 zuwa 11 daga ƙarfe bakwai na safe, don haka a tambayi malami hukuncin haɗa Azahar da La'asar tun kafin a taso.

Horo a gida shi ne matsalar, tunda Kaduna ba ta da hawan da zai ɗauki awa guda. Dabarar ita ce a sa giya mai nauyi a fuskanci iskar hunturu, minti 20 ba sassauci, a huta minti 5, a maimaita sau uku, sau biyu a mako, sannan doguwar tafiya ta awa 5 zuwa 6 a ƙarshen mako. Mai hali ya leƙa wajen Kagoro ko Jos, ya nemi hawa mafi tsawo da ba shi da manyan motoci, ya yi ta hawa da sauka har jimilla ta kai mita 2,000 a yini ɗaya, aƙalla sau biyu kafin tafiya.