Sharhi kan gyara shafin tsara kaya a manhajar SAP IBP

Ga ma'aikacin da ke tsara shigowar kaya da fitarsu a kamfanin rarraba takin zamani a nan Gombe, babban amfanin manhajar SAP IBP, wadda kamfanoni ke amfani da ita wajen hasashen buƙata da tsara kaya, shi ne damar da take ba shi ya gyara shafin aikinsa daidai da buƙatarsa. Shafin yana buɗewa ne a cikin Excel, saboda haka wanda ya saba da jadawali ba ya shan wahalar koyo.

Mutum zai zaɓi alƙaluman da yake son gani, kamar hasashen buƙata, kayan da ke sito da waɗanda ke kan hanya, ya jera su mako-mako ko wata-wata, sannan ya tace su ta yadda Kaltungo ko Billiri da ke kudancin jihar, ko Bajoga da ke arewacinta, kaɗai za su bayyana. Wannan tacewar ce ta fi burge ni, domin damina takan riga sauka a kudancin jihar, manoman can su fara neman taki kafin na arewaci, kuma idan aka cure alƙaluman jihar wuri ɗaya wannan bambanci yakan ɓace. Haka kuma ana iya canza adadi a gwada sakamakonsa kafin a adana shi, abin da ke rage gardama tsakanin sashen ciniki da masu kula da sito.

Sai dai manhajar tana aiki ne ta intanet, don haka ofishin da layinsa ke yankewa zai sha jira. Shawarata ita ce kada a cika shafi ɗaya da alƙaluma masu yawa, domin yakan yi nauyi wajen buɗewa.